Daga Agege zuwa Akoka: ɗakin makaranta ko jeka-ka-dawo?

Alhaji_MaiGoro_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ni da uwargidana muka kasa daidaitawa a kansa tun makon jiya. Allah ya ba 'yata ta fari gurbin karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, kuma ita ce ta farko a gidanmu da za ta taka ƙofar jami'a. Shekarata ashirin da uku ina sana'ar goro a Agege, amma ban taɓa sa ƙafa a harabar makarantar nan ba, iyakata in hango dogon gininta daga kan gada idan zan shiga tsibirin Legas. Mahaifiyarta ta dage a kan yarinya ta riƙa kwana a gida tana zuwa tana dawowa, tunda a cewarta duk gari ɗaya ne, ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su bayyana mini yadda makarantar take, da unguwannin da ke kewaye da ita, domin in yanke hukunci da ido buɗe.

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a karatun. A can na yi digirina na farko, don haka zan faɗi abin da na sani. An kafa jami'ar a 1962, kuma babbar harabarta tana gefen tudu ne a yankin Yaba, ba a cikin tsibiri ba. Ta gabas ruwan tafkin Legas ne ya yi mata iyaka, shi ya sa kake hango ta daga gadar Third Mainland, wadda ta ratsa kan wannan ruwan tsawon kilomita 11.8, aka kuma kammala buɗe ta a 1990 zamanin Janar Babangida. Dogon ginin da kake gani shi ne na hukumar makarantar, wanda ɗalibai ke kira Sanet.

Babbar ƙofa tana ƙarshen titin da ya taso daga Herbert Macaulay ya bi ta Abule Oja, akwai kuma ƙofa ta biyu da ke fita wajen Onike da Iwaya. Ta arewa Akoka ce da Bariga. Unguwanni ne masu cunkoson jama'a, gida manne da gida, amma da zarar ka wuce ƙofar makarantar sai ka ji hayaniya ta ragu, ka ga bishiyoyi da fili, abin da ya yi ƙaranci a wannan gari. A ciki akwai babban masallaci da ake Juma'a, akwai asibitin ɗalibai, da bankuna, da shaguna, da motocin da ke zirga-zirga daga ƙofa zuwa tsangayoyi. Ɗalibi zai iya yin wata guda bai fita waje ba. Ra'ayina shi ne a nema mata ɗaki a ciki.

Sale_MaiDanfo:
Ranka ya daɗe Alhaji, ka gaya wa Hajiya cewa ni da nake kan titi kullum ban yarda da maganar gari ɗaya ba. A Legas ba a auna nisa da kilomita, da agogo ake aunawa. Daga Agege sai yarinya ta hau mota zuwa Oshodi, ta sauka ta hau ta Yaba, sannan ta sake hawa wadda za ta kai ta ƙofar makaranta. Ranar Lahadi da safe tafiyar nan ba ta kai awa guda ba, amma ranar Litinin idan an yi ruwan dare za ta iya cin awa biyu ko fiye. Wanda ke da lacca ƙarfe takwas dole ya bar gida da sallame sallar Asuba. Kuma kada a sa ran acaɓa zai cece ta, domin tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da wadda Yaba ke cikinta.

Hajiya_Rabi_Surulere:
Malam Sale, maganarka gaskiya ce, amma ku maza kuna lissafin lokaci da kuɗin mota ne kawai, ita kuwa uwa wani lissafin take yi. Yarinyar da ba ta taɓa kwana a wajen gidansu ba, a ɗauke ta rana ɗaya a ajiye ta cikin dubban mutanen da ba ta san halinsu ba, ba harshe ɗaya ba, ba tarbiyya ɗaya ba, dole gaban uwa ya faɗi. Ban ce makarantar na da aibi ba, 'ya'yan mutane da yawa sun shiga sun fito da mutuncinsu. Abin da nake cewa shi ne kada a mayar da damuwar Hajiya kamar rashin wayewa. Sannan ai yanzu akwai jirgin ƙasa da ke tsayawa a Agege ya kuma tsaya a Yaba, wanda babu ruwansa da gosulo. Me ya sa ba wanda ya ambace shi?

Injiniya_Bashir:
Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci, kuma na yi kuskure da na manta da ita, domin a zamaninmu babu wannan jirgin. Shi ne jan layi da aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2024, ya fara ɗaukar fasinja daga baya cikin shekarar. Yana tashi daga Agbado ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya ƙare a Oyingbo. Ya rage wahala ƙwarai. Sai dai jirgi yana da lokacinsa, ba ya jiran wanda malami ya tsare a aji har bayan Magariba, kuma tashar Yaba ba a bakin makaranta take ba, sai an ƙara hawa mota, a cikin makarantar ma a ƙara wata.

Zulai_TsohuwarƊaliba:
Baba Alhaji, ina taya ka murna, kuma ka ba ni dama in yi dogon bayani domin na ɗanɗana hanyoyin biyu. Shekarata ta farko daga gidan yayata a Mile 12 nake zuwa. Ban faɗi jarrabawa ba, amma ban san makarantar ba sam, domin kullum idona na kan agogo. Ban taɓa zama a ɗakin karatu bayan La'asar ba, ban shiga rukunin masu bitar darasi da dare ba, kuma idan na isa gida ba abin da nake iya yi sai wanka da barci.

Da na sami gado a shekara ta biyu ne na gane inda nake. Akwai wani wuri a bakin ruwa, bayan manyan gine-ginen hukuma, inda aka sa kujerun siminti a ƙarƙashin bishiyoyi. Da yamma iska na tasowa daga tafki, ka ga masunta a kwale-kwale suna jefa birgi, can nesa kuma motoci sun yi jerin gwano a kan gada ba sa ko motsi. Nakan zauna da littafina in tuna cewa bara war haka ina cikin irin wannan layin. Ƙasan wurin cike take da ramukan ƙaguwa, idan ka yi shiru sai su fito, kana motsa ƙafa su koma. A gefen fadamar kuma akwai birai da suka saba da mutane, har na ga wanda ya fizge ledar gurasa daga hannun wata.

Game da damuwar Mama, ɗakunan mata daban suke da na maza, kuma akwai masu gadi da ƙa'idar shiga. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana da ƙarfi sosai a can, kuma ba abin mamaki ba ne tunda a nan Legas aka kafa ta a 1954. Yarabawa mata masu dogon hijabi da na zauna da su sun fi ni tsare karatun Alƙur'ani da azumin Litinin da Alhamis.

Matsalar ita ce gadon ba ya isa. Ɗalibai sun ninka gadaje sau da yawa, ta intanet ake nema a ranar da aka sanar, kuma cikin ɗan lokaci yake ƙarewa. Wanda bai samu ba sai ya fita haya a Abule Oja, Onike, Iwaya ko Bariga. A shekarata ta uku wani dillali ya nuna mini ɗaki a watan Janairu, busasshe, sabon fenti, na biya kuɗin shekara har da na dillanci. Da ruwan Yuni ya sauka sai da na ɗora katifata a kan benci biyu, takalmana suna yawo a tsakar ɗaki. Duk wanda zai kama ɗaki a wannan yankin ya duba gindin bango daga waje, ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya, sannan ya tambayi mai shago na kusa, ba dillali ba. A haɗa mata da gidan sauro, kuma kada ta rufe kayan sawa a akwati na tsawon lokaci, laimar bakin ruwa tana sa su fumfuna.

Dattijon_Obalende:
'Yata Zulai, Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani mai gamsarwa. Ni abin da zan ƙara wa Alhaji shi ne ya daina ganin wurin nan kamar baƙon wuri. A cikin ɗakunan kwanan akwai mai sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, akwai mai sunan El-Kanemi na Barno, akwai kuma mai sunan Makaman Bida, wato Alhaji Aliyu wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Jihar Arewa zamanin Sardauna. Jami'ar tarayya ce, an gina ta lokacin Ikko, wato Legas, na babban birnin ƙasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa na Firayim Minista, don haka da haƙƙin kowa a cikinta.

Mu ma a garin ba jiya muka zo ba. Tun 1863 Gwamna Glover ya haɗa rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa a nan Ikko, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Najeriya. Kasuwar Sabo da ke Yaba, wadda ɗalibai ke zuwa cefane, ku saurari sunanta da kyau ku gaya mini daga wane harshe ya fito. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu da aka haifa a nan sun san kasuwa da tasha, amma ba su san garin ba. Daga Yaba zuwa tsibiri gada ɗaya ce. A can akwai dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar mulki a 1960, kusa da shi akwai gidan tarihi na ƙasa a Onikan da aka buɗe a 1957. Akwai masallacin Shitta-Bey na 1894, wanda har yanzu ake salla a cikinsa, da tsohon kurkukun Turawa na titin Broad da aka mayar wurin shaƙatawa. Kafin ma a haye ruwa, a Ebute Metta cikin unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa akwai tsohon gidan Jaekel da aka mayar gidan tarihin reluwe, wanda ya kamata duk ɗan mai goro ya gani, tunda dogon nan ne ya riƙa kai goron Agege har Kano. Yarinyar da ke tsere da gosulo safe da yamma yaushe za ta ga waɗannan?

Zulai_TsohuwarƊaliba:
Baba, ƙaramin ƙari a kan maganarka domin kada Alhaji ya rikice wajen nema: El-Kanemi na maza ne, Amina da Makama su ne na mata, tare da Moremi da wasu.

Auwalu_Mile12:
Ni roƙona kada a cika wa Alhaji kunne da wuraren yawon buɗe ido har a manta karatu aka tura yarinya. Ƙanena da ya zo daga Kano ya ɗauka tunda makarantar a bakin ruwa take, to bakin teku ne, har ya zo da shirin wanka. Ruwan tafki daban, teku daban, kodayake suna haɗe, kuma babu mai hankalin da ke iyo a wannan wurin. Gandun dajin Lekki mai gadar igiya a saman bishiyoyi, tsawon mita 401, tafiya ce ta yini idan aka haɗa da dawowa. Badagry kuwa, inda ake zuwa ganin gidan bene na 1845 da hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen ruwa, ta kusa iyakar Jamhuriyar Benin. Waɗannan na lokacin hutu ne, ba maƙwabtan makaranta ba ne.

Malam_Nura_Ojo:
Tunda an ambaci hanyar Badagry, ina so Alhaji ya sake duba takardar da kyau, domin mutanenmu da yawa suna haɗa makarantu biyu. Jami'ar Legas ta tarayya ita ce a Akoka. Jami'ar Jihar Legas, wadda aka kafa a 1983, tana nan Ojo kusa da Alaba Rago inda 'yan uwanmu suka daɗe suna sayar da dabbobi. Na taɓa ganin uban da ya kawo ɗansa Ojo da akwati alhali sunansa a Akoka ya fito.

Injiniya_Bashir:
Malam Nura, ai saura ƙiris wannan ruɗanin ya ƙare ta wata hanya. Ranar 29 ga Mayu, 2012 Shugaba Jonathan ya sanar da sauya sunan ta Akoka zuwa na Moshood Abiola, ɗalibai suka fito suka tare tituna har kan gada, daga ƙarshe sunan bai sauya ba. Amma ina so in ɗan saɓa wa Malam Auwalu. Akwai abin da ke kusa wanda ba yawon buɗe ido ba ne, kuma yana cikin amfanin zama a wurin. Yaba unguwar makarantu ce. Kwalejin Fasaha ta Yaba tana nan tun 1947, Kwalejin Ilimi ta Tarayya tana Akoka, ga kuma kamfanonin matasa masu aikin manhajar kwamfuta a kan titin Herbert Macaulay, inda mai kamfanin Facebook ya kai ziyara a 2016. Aikina na farko a wannan titin na same shi, ta hanyar wani taron yamma da na halarta saboda kawai ɗakina na kusa. Ta ɗaya gefen kuma, bayan Iwaya, ga Makoko, inda masunta suka kafa gidajen katako a kan ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwale-kwale kamar yadda namu ke tuƙa keke. Ɗalibin da ya ga waɗannan biyun a rana ɗaya ya koyi abin da ba a rubuta a allo.

Alhaji_MaiGoro_Agege:
Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Malam Nura, na sake dubawa, Akoka ce. Na karanta wa uwargida duk abin da kuka rubuta, ta ce a gaishe da Hajiya Rabi domin ita kaɗai ta fahimce ta. Maganar dillali da 'yata Zulai ta kawo ta ƙara tsorata ta, maganar masallaci kuma ta ɗan sanyaya mata rai. Na manta ban faɗa muku ba tun farko, fannin harhaɗa magunguna aka ba yarinyar, ko hakan zai canza wani abu.

MamanHanif_IdiAraba:
Alhaji, ai da wannan ka fara! Ya canza komai. Masu karatun likitanci da jinya da harhaɗa magunguna shekarar farko kawai suke yi a Akoka, daga nan sai su dawo harabar Idi-Araba, inda kwalejin likitanci da asibitin koyarwa na jami'ar suke, tsakanin Mushin da Surulere. Wato duk wannan muhawarar ta bakin ruwa da birai a kan shekara ɗaya ake yin ta, sauran shekarun a unguwarmu za ta yi su. Idi-Araba kuwa kowa ya san zangon Hausawa ne tun kaka da kakanni. Sunan ma da Yarabanci gindin rimi yake nufi. Akwai masallatanmu, da makarantun Islamiyya, da masu tuwo da miyar kuka, da masu fura, har mutum yakan manta a kurmi yake. Babu iskar tafki a nan, babu fili, akwai hayaniya da cunkoso, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma yarinya ba za ta rasa gidan da za ta shiga ta ce Mama ina jin zazzaɓi ba.

Hajiya_Rabi_Surulere:
To alhamdulillahi, ga mafita ta fito. Tunda haka ne, me zai hana tun yanzu a nemi gidan mutunci a Idi-Araba a damƙa ta amana? Daga nan zuwa Yaba ta Ojuelegba ba nisa, ta yi shekarar farko tana zuwa Akoka, shekara ta biyu kuma makaranta ta zo ƙofar gida ta same ta.

Zulai_TsohuwarƊaliba:
Mama Hajiya, ki gafarce ni, a nan kam ban bi bayanki ba. Na zauna a gidan 'yar uwata ta jini, mai ƙaunata, amma duk da haka ba zai yiwu ki ga ana wanke-wanke ko yaro na kuka ki ce ke karatu kike yi ba. Kunya ba za ta bar ki ba. Shekarar farko kuma ita ce mai haɗari a wannan fannin, domin sai an ci darussanta da kyau ake hayewa Idi-Araba. Idan za a saya mata natsuwa ta shekara ɗaya tak, to wannan shekarar ce. Ta nemi gado a ciki, ranar Juma'a bayan lacca ta hau jirgi ta je Agege ta kwana biyu wurin mahaifiyarta.

MamanHanif_IdiAraba:
Zulai, ba kowane gida ne haka ba. Na riƙe 'yar ƙanwar maigidana shekara huɗu, ban taɓa sa ta ko share tsakar gida ba lokacin jarrabawa. Amma na yarda sai an tona an san gidan kafin a kai yarinya.

Dattijon_Obalende:
Ku duka kuna magana a kan yarinyar, amma ban ji wanda ya tambayi abin da ita take so ba. Alhaji, ka tambaye ta ba a gaban mahaifiyarta ba.

Sale_MaiDanfo:
Ranka ya daɗe, ga shawarar direba. Kada a yanke hukunci a zaune. Ranar Litinin mai zuwa kai da Hajiya da yarinyar ku fito ƙarfe shida, ku je a mota ta Oshodi yadda za ta riƙa zuwa, ba a motar gida ba. Ku shiga makarantar, ku ga masallacin da ɗakunan matan da idonku, ku yi Azahar a can. Daga nan ku bi ta Ojuelegba ku leƙa Idi-Araba, sannan ku hau jirgi daga Mushin ku koma gida da yamma. Hajiya ta riƙe agogon da kanta.

Alhaji_MaiGoro_Agege:
Baba na Obalende, na tambaye ta jiya da dare a shago. Ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da muka zaɓa mata, amma ƙanwarta ta tsegunta mini cewa tun makon jiya ta rubuta ranar neman gado a bangon littafinta. Malam Sale, uwargida ta amince da tafiyar Litinin, da sharaɗin ita za ta zauna a bakin taga. Maman Hanif, idan Allah ya kai mu za mu iso wajenku bayan La'asar. A wace tasha ya kamata mu ce wa kwandasta ya sauke mu idan mun taso daga Ojuelegba?